Yadda Ake Sharhin Littafin Zane da Aka Ciro Daga Shirin Talabijin na Almarar Kimiyya

Shirin talabijin idan ya karɓu, ba ya tsayawa a allo. An fara nuna Star Trek a tashar NBC ta Amurka a 1966, kafin 1967 ta ƙare kamfanin Gold Key ya fara buga shi a littafin zane, wato komik. Doctor Who ya fara a BBC ranar 23 ga Nuwamba 1963, bayan shekara guda labarinsa na zane ya bayyana a mujallar yara ta TV Comic a Ingila. Daga wancan lokaci zuwa yau ba a daina ba. Sai dai yawancin sharhin da ake yi wa irin waɗannan littattafai tambaya ɗaya yake amsawa: fuskar jarumi ta fito ko ba ta fito ba? Wannan ya yi kaɗan ga aikin da mutum huɗu ko biyar suka yi watanni suna yi.

Ranar da aka ɗauko shiri daga allo aka kwantar da shi a takarda, ya yi asarar abubuwa uku: muryar 'yan wasa, kiɗa, da motsi. Ya kuma ci riba ɗaya babba, domin zana duniya sukutum da birane da jirage dubu bai fi zana ɗaki ɗaya tsada ba, illa lokacin mai zane. Aikinka na mai sharhi shi ne ka nuna wa mai karatu yadda littafin ya cike wannan asara, da abin da ya yi da wannan riba. Duk matakan da ke ƙasa can suke nufa.

Da farko, gane irin littafin da ke hannunka

Ba duka ne iri ɗaya ba, kuma ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Akwai wanda yake ɗauko kashi guda da aka riga aka nuna a talabijin ya sake ba da shi cikin zane, kamar jerin da kamfanin Topps ya yi wa zangon farko na The X-Files. Akwai wanda yake ƙirƙiro sabon labari ya saka shi a tsakanin abin da aka nuna, jaruman su ne dai, tafiyar ce sabuwa. Mafi yawan littattafan Star Trek da Doctor Who a nan suke. Akwai kuma wanda yake ɗorawa daga inda shirin ya tsaya, ko ya cike wani giɓi da aka bari. Firefly kashi 14 kacal aka yi masa kafin tashar Fox ta soke shi a 2002, don haka littattafan da Dark Horse ya fara fitarwa a 2005 suka ɗauki nauyin amsa tambayoyin da shirin bai samu damar amsawa ba.

Na farkon, tambayarsa ita ce: me ya ƙara wa wanda ya riga ya kalli kashin? Na biyun: labarin ya cancanci waɗannan jarumai, ko kuwa da an canza musu suna zai tafi yadda yake? Na ukun ya fi kowanne nauyi, domin masoya shirin za su ɗauke shi a matsayin abin da ya faru da mutanen da suke ƙauna. Rubuta irin littafin a saman takardarka kafin ka buɗe shafin farko.

Sannan ka san masu aikin da igiyar da aka ɗaure su da ita

Buɗe shafin sunaye. Za ka ga marubuci, mai zane da fensir, mai bin zanen da tawada, mai saka launi, mai rubuta kalmomin da ke cikin kumfar magana, da edita. Kwafe su duka, da sunan kamfani da shekara da lambar fitowa. Sharhin da ya ce "zanen ya yi duhu" bai faɗi komai ba sai ya bambance ko mai tawada ne ya cika baƙi ko mai launi ne ya danne zanen.

Akwai wani da sunansa ba kasafai yake fitowa da girma ba, alhali hannunsa na cikin kowane shafi: mai shirin, wanda ya ba da lasisi. Shi ke amincewa da labari kafin a zana, kuma sau da yawa 'yan wasan ma suna da ta cewa kan yadda aka zana fuskarsu. Lokacin da kamfanin Marvel ya fara fitar da jerin Star Trek a 1980, lasisinsa ya taƙaita ne ga abin da ya fito a fim ɗin 1979, ba a sakar masa mara ya ɗebo mutane da halittun tsohon shirin yadda yake so ba; fitowa 18 aka yi aka tsaya. Mai sharhin da bai san wannan ba zai zargi marubutan da rashin sanin shirin, alhali hannunsu ne a ɗaure. Sanin igiyar ba ya wanke labari mara daɗi, amma yana sa ka ɗora laifi inda ya dace.

Koma ga shirin, da biro a hannu

Ba sai ka kalli zango tara ba. Zaɓi kashi uku ko huɗu daga lokacin da littafin ya ce labarinsa ya faru, ka saurara fiye da yadda kake kallo. Kana neman yadda kowa yake magana: tsawon jimlarsa, abin da yake yawan faɗa, da abin da ba zai taɓa faɗa ba. Spock na Star Trek ba ya ihu don mamaki, jimlarsa a tsare take, babu gaggawa. Dakta McCoy da mita yake nuna ƙauna. A The X-Files, Mulder ne mai saurin gaskata abin da ba a gani ba, Scully likita ce, sai ta ga hujja. Layi biyu ga kowane jarumi sun isa. Ka ƙara layi ɗaya ga shirin kansa: wane irin hali yake yabo, wane iri yake ƙyama?

Karatu sau uku

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke yin ha'inci.

Karatun farko na jin daɗi ne. Ajiye biro, ka karanta daga bango zuwa bango a zama ɗaya. Littafin Amurka na wata-wata shafi 20 zuwa 22 ne na labari, bai wuce minti goma sha biyar ba. Da ka rufe, rubuta jimla ɗaya kan abin da ka ji, da shafin da hankalinka ya fara fita idan ya fita. Kada ka gyara wannan jimla daga baya. Ita ce shaidarka mafi gaskiya.

Karatu na biyu, ka yi kamar kalmomin babu su. Bi zanen kawai, akwati bayan akwati, wato kowane hoton da aka kewaye shi daban a shafi. Kana iya gane wanda ya fusata, wanda yake ɓoye wani abu, wanda ya shigo ɗakin da ta inda ya shigo? Idan aka yi faɗa, ka san wa ya fara duka, wa yake dama wa yake hagu? Duk inda ka ɓace, sa alama. Mai zane nagari yana ba da rabin labarin ko da an share duk rubutun.

Karatu na uku, ka buɗe baki ka karanta maganganun da ƙarfi, takardar da ka rubuta halayen jarumai tana gabanka. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Idan ka rufe zanen da tafin hannu ka karanta kumfa uku a jere, ya kamata ka san mai magana ba tare da ka ga fuskarsa ba. Idan kowa da murya ɗaya yake magana, marubucin bai maido da muryar da aka rasa ba, kuma wannan ne babban abin da za ka faɗa a sharhinka.

Maganar fuska

Kowa da ita yake farawa, don haka a yi ta da kyau. Kama iri biyu ce. Akwai kamar hoto, inda mai zane ya kwafi fuskar ɗan wasa daga hotunan talla. Akwai kuma kamar hali: yadda mutum yake tsayuwa, yadda yake ɗaga gira, inda yake ajiye hannunsa idan yana tunani. Mai zanen da ya dogara ga hoto yakan samu ta farko ya rasa ta biyu. Alamominsa a bayyane suke: fuska ɗaya tana maimaituwa daga kusurwa ɗaya a shafuka daban-daban, kai bai zauna daidai a kan wuya ba, jaruma tana murmushin hoton talla a daidai lokacin da ake gaya mata labarin mutuwa. Ni dai na fi son zanen da hancin bai yi daidai ba amma mutumin yana raye a shafi, kuma ina ganin mai sharhi ya kamata ya faɗi ɓangaren da ya tsaya a kai tun da wuri don mai karatu ya san da wane ido ake duba masa.

Littattafan Star Trek na farko da Gold Key ya buga darasi ne a nan. A Italiya aka zana su. Nevio Zeccara ya yi na farko, Alberto Giolitti ya ɗora, kuma daga hotunan talla suka yi aiki domin ba su ga shirin ba. Sai ga jirgin Enterprise yana fitar da harshen wuta ta baya kamar roka, ga Scotty, injiniyan jirgin, da gashi mai ruwan zinare, ga cikin jirgin bai yi kama da na allo ba. Kuskure ne, a faɗe shi. Amma dubi hannun Giolitti a kan duwatsu da birane da injuna: ƙwararre ne, shafinsa yana da nauyi da zurfi. Laifin da ya fi waɗannan girma yana cikin labarin fitowa ta farko, kuma wanda bai karanta ba ya sani zan faɗi ƙarshensa. Ma'aikatan jirgin sun tarar da wata duniya da tsirrai ke mulki, masu haɗari ga duk mai rai, sai aka rufe labarin da jirgin yana ƙone fuskar duniyar gaba ɗaya. Shirin da aka gina shi kan neman sabuwar rayuwa da ƙoƙarin fahimtarta, ga shi a takarda yana shafe ta. Wutar roka ƙaramin abu ce idan aka jera ta da wannan. Sharhin da ya ɓata sakin layi uku kan gashin Scotty ya tsallake ƙarshen labarin ya bar jaki yana dukan taiki.

Dubi yadda shafi yake riƙe lokaci

A talabijin, mai tace hoto da mai kiɗa ne suke gaya maka lokacin da za ka riƙe numfashi. A takarda, girman akwati da yawansa ne suke wannan aiki. Ƙananan akwatuna tara a shafi guda suna sa ido ya yi sauri ko ya ji ƙunci. Akwati ɗaya faffaɗa wanda babu magana a ciki yana tsayar da mai karatu, shi ne madadin shirun da ɗan wasa yake yi kafin ya ba da amsa. Ɗan filin da ke tsakanin akwati da akwati kuwa, a nan ne mai karatu yake cike motsin da kansa.

Ɗauki shafi biyu, wanda ya fi burge ka da wanda ya fi gundurar ka, ka ƙirga akwatunan da kumfar maganar kowanne. Sau da yawa za ka tarar mai gundurar kawuna ne kawai suna magana, kumfa shida a akwati ɗaya, saboda marubucin ya rubuta shi kamar rubutun talabijin, inda ɗan wasa zai raya dogon jawabi da murya. Kashi guda na Star Trek na asali kusan minti 50 ne. Wanda ya yi ƙoƙarin cusa duk maganarsa cikin shafi 22 zai shaƙe zanen.

Ka kuma lura da juya shafi. Marubucin da ya san sana'arsa yana ajiye tambaya a akwatin ƙarshe na shafin dama, amsar sai an juya. Idan dodon da ake ta ɓoyewa ya bayyana a shafin dama, ido ya riga ya gan shi tun kana karanta na hagu, mamakin ya zube. Idan a waya kake karantawa akwati-akwati, wannan duk zai ɓace maka, don haka ka koma ka duba kowane shafi a cikakkensa kafin ka yanke hukunci, kuma ka gaya wa mai karatu a kan me ka karanta.

Me ya yi da ribar?

Wannan tambaya ce da nake ganin tana raba littafin da ya san dalilin zuwansa da wanda aka buga don kawai sunan shirin yana sayar da kaya. Doctor Who na shekarun 1970 da 1980 da kuɗi kaɗan ake yin sa, a ɗakunan ɗaukar hoto na BBC. Da mujallar Doctor Who Weekly ta fito a Oktoba 1979, labarinta na farko, wanda Pat Mills da John Wagner suka ƙirƙira Dave Gibbons ya zana, ya kai Dakta, jarumin shirin, wata duniya inda daular Rum ba ta taɓa faɗuwa ba, rundunarta kuma mutum-mutumi ne na ƙarfe. Babu yadda za a yi BBC ta ɗauki wannan a lokacin. Bayan 'yan shekaru mujallar ta ba Dakta na shida, wato wanda ɗan wasa na shida ya taka, abokin tafiya mai suna Frobisher, halitta mai rikiɗa wadda ta zaɓi zama a siffar tsuntsun nan na ƙanƙara, fengwin. A allo da mutum za a sa cikin riga. A takarda yana da fuska da hali kamar kowa.

Saboda haka ka nemi shafi ɗaya a littafin da kake sharhi wanda kyamara ba za ta iya ɗauka ba, ko wanda tsarin shafi ne kaɗai zai iya bayarwa. Idan ka samu, ka kwatanta shi dalla-dalla. Idan babu, idan duk labarin a farfajiyar jirgi da ɗakin taro ya ƙare, ka faɗa, ka kuma tambaya ko da gangan ne. Wani lokaci da gangan ne kuma daidai ne: The X-Files da duhu da abin da ba a nuna ba yake tsoratarwa, mai zanen da ya haska dodon tun shafi na uku ya ɓata ribar ta wata hanya.

Kada ka manta almarar kimiyya ce. Nemi tunanin da labarin ya tsaya a kai, ka faɗe shi a jimla ɗaya: me zai faru idan kaza? Sannan ka duba ko labarin ya bi dokar da ya kafa wa kansa. Ba a neman ya yi daidai da littafin kimiyyar makaranta. Amma na'urar da aka ce ba ta aiki a shafi na 5, idan ta ceci kowa a shafi na 20 ba tare da dalili ba, rami ne a labarin.

Shin "ya faru da gaske"?

Masoya za su tambaye ka ko labarin yana cikin tarihin shirin a hukumance. Faɗi abin da kamfanin ya ce, ka wuce, kada ka gina hukuncinka a kai. A 2013 kamfanin IDW ya fitar da zango na 10 na The X-Files cikin zane, Joe Harris na rubutawa, da sunan Chris Carter, wanda ya ƙirƙiro shirin, a jiki, a matsayin ci gaban shirin da ya tsaya a 2002. A 2016 shirin ya dawo talabijin ya bi wata hanya daban. Littattafan ba su ƙara kyau ko muni ba saboda haka. Abin yakan juya ma: labarin zane na Doctor Who na 1980 mai suna The Star Beast, bayan shekara 43 aka mai da shi kashin talabijin a Nuwamba 2023, lokacin cikar shirin shekara 60.

Yanzu rubutu

Fara da hukuncinka, a jimla biyu ko uku. Bi da bayanan littafin: suna, lamba, kamfani, shekara, masu aikin, da inda labarin ya faɗo a cikin shirin. Taƙaita labarin a sakin layi ɗaya, kuma kada ka wuce kashi ɗaya cikin uku na farkonsa. Ana iya yin wannan ba tare da fasa ƙwai ba. The Star Beast, alal misali, ya isa ka ce wata 'yar makaranta ta tsinci wata ƙaramar halitta mai gashi da manyan idanu wadda wasu mayaƙa masu ban tsoro suke farauta, kuma Gibbons ya zana idanun nan ne don su yi aiki a kan mai karatu. Wanda ya karanta ya gane, wanda bai karanta ba bai yi asara ba. Inda sukarka ta dogara ga ƙarshen labari, ka yi gargaɗi a layi na daban kafin ka faɗa.

Gangar jikin sharhin kada ta wuce batu biyu ko uku, waɗanda suka fi yawan alama a takardarka. Kowane batu ya zo da shafinsa. Maimakon "zanen yana da kyau", ka rubuta irin wannan: a shafi na 14 an raba shafin gida huɗu a kwance, babu magana a ukun farko, jarumar tana kallon ƙofa, hannunta yana matsowa kusa da makami kaɗan-kaɗan, sai a na huɗu ta yi magana, kalma biyu. Mai karatu ya ga abin da ka gani, yana iya yarda ko ya musa.

Idan za ka saka hoto, akwati ɗaya ko biyu sun isa, da sunan mai zane da kamfani a ƙasa. Kada ka ɗora shafuka a jere. Idan kyauta aka ba ka littafin don ka yi sharhi, ka faɗa. Idan fitowa ɗaya ce daga labari mai kashi biyar, ka bayyana cewa hukuncinka na wannan kashin ne, ka dawo idan an kammala.

Ka rufe da amsa ga mutum biyu, domin su biyun ne suke karanta ka. Na farko ya haddace shirin, yana son ya san ko zai ji muryar mutanensa. Na biyu bai taɓa kallo ba, bango ne ya ja shi, yana son ya san ko zai fahimci labarin, idan kuma ba zai fahimta ba, wane kashi ya kamata ya fara kallo. Maki bisa goma ba dole ba ne. Idan wurin da kake rubutu yana buƙata, ka ba da biyu, ɗaya ga kowannensu, ka rubuta dalilin tazarar da ke tsakani a layi guda.